Kaka, Mai Rubuta Murya

Daga Allah muke, kuma Kaka ya riga mu komawa gare Shi. Ina wannan rubutu ne hannuna bai gama daina rawa ba, saboda haka duk inda aka ga magana ta karkace a yi mini uzuri. Mahaifin Ummata ne. Shi ne mai rubuta fostar wasan makaɗa da mawaƙa a nan Suleja tun kafin a haifi Umma, kuma ni kaɗai ce a shagon lokacin da ya cika.

Ranar da aka fara zaman makoki, Kawu, babban ɗansa, ya sa an shimfiɗa tabarmi daidai mutanen unguwa da abokan sallar Kaka. Kafin azahar sai da aka aro tabarmin maƙwabta, aka aro bencin mai shayi, duk da haka wasu a tsaye suka yi addu'a. Ni ina ɗakin Iya, kakata, na kasa ci na kasa sha, amma tagar tana kallon ƙofar gida, don haka kusan komai a kunnena aka yi shi.

Tsofaffin makaɗan kalangu sun zo babu kalangu, suna ta juya hannuwansu kamar ba su san inda za su ajiye su ba. Direbobin tashar Diko sun zo. Matan coci sun zo cikin zani iri ɗaya, shugabar mawaƙansu, wadda duk gidanmu muke ce wa Mama, ta shigo ta rungume Iya tana cewa, "Wayyo Baba! Yanzu wa zai tsayar da mu a takarda?" Wani yaro mai waƙar zamani, da askinsa da Kaka ya sha yi wa dariya, ya durƙusa gaban Kawu yana share ido, ya ce, "Wallahi Baba ba shi da kofi. Orijinal ne."

Wanda maganarsa ta fi tsaya mini a rai wani tsohon manomi ne daga wajen Garam. Hausarsa da nauyin harshen mutanen can, amma kowa ya ji shi. Ya ce, "Ni ko baƙi ɗaya na boko ban sani ba. Amma ina cikin mota, daga nesa, in na hango takardarsa a bango na san wanda zai yi wasa. Ban taɓa zuwa wasan da ba nawa ba."

Kawu yana ta cewa, "Mun gode, Allah ya ba da lada." Amma na san Kawu. Duk lokacin da aka ambaci kiɗa sai ya sunkuyar da kai ya ƙara jan carbi.

Wanda bai san Kaka ba zai ce mai fenti ne kawai, irin masu rubuta "A sauka lafiya" a bayan mota. Shi ma ba ya musu. Sai dai in ka zauna da shi zai ce maka, "Suna kowa na iya rubutawa. Ni murya nake rubutawa." Ba wasa yake yi ba. Ba ya taɓa tsoma buroshi a gwangwani sai mai wasan ya zo shagon da kansa ya yi masa kiɗa ko waƙa. In ka aiko yaro da sunanka a takarda, yaron zai koma maka da ita. Sai ka zo, ka zauna a kan kujerar katakon nan, shi kuma ya rufe ido.

Abin da ke fitowa daga nan shi ne abin da manomin Garam yake gani daga cikin mota. Sunan mai kalangu Kaka yakan matse shi a tsakiya, kowane harafi da ƙugu, da zare-zare daga sama zuwa ƙasa, har ka ji kamar in ka danna takardar za ta yi magana. Sunan mai gurmi siriri ne, dogo, a miƙe kamar tsirkiya. Mawaƙan coci kuwa haruffansu a tsaye suke sahu-sahu, gajeru a gaba dogaye a baya, kafaɗa na taɓa kafaɗa, duk bakinsu a buɗe. Abin da Mama take nufi ke nan da ta ce wa zai tsayar da su.

Ranar da yaron nan mai aski ya zo karɓar tasa fostar ina wurin. Haruffan suna hawa kan juna kamar 'yan acaɓa a bakin kasuwa, na ƙarshen kuma rabinsa ya fita daga takardar.

Ya ce, "Baba, ai na ƙarshen nan faɗuwa zai yi."

Kaka ya ce, "Kai ma haka kake ƙarasa waƙarka. In ka koyi tsayawa ka dawo in tsayar da shi."

Yaron ya fita yana gunaguni. Bayan wasan ya dawo ya roƙi a yi masa irinta a jikin rigarsa.

Akwai kuma wata yarinya mai ƙaramar murya da ta zo da yayanta. Yayan ya dage a yi mata manyan haruffa masu cika bango, don kada a raina ta. Kaka ya saurare ta ya ce a'a. Ya ɗauko takarda mafi faɗi a shagon, ya bar ta fara fat, ya rubuta sunan a tsakiya, ɗan mitsitsi, da ja. Yarinyar ta fashe da kuka, ta ɗauka wulaƙanci ne. Kaka ya ce, "'Yata, muryarki irin wadda ake yi wa shiru ce. Bari ki gani." Da idona na ga mutane suna tsallako titi don su karanta abin da ke tsakiyar farar takardar nan.

Da tsufa ya zo, kunnen Kaka ya yi nauyi. Bai bar aiki ba, sai ya koma ji da hannu. Yakan ɗora tafinsa a jikin ganga, ko a ƙirjin mawaƙi, ko a maƙogwaronsa. To mata fa? Nan na shigo. Tun ina aji ɗaya a sakandare, in mace ta zo sai ya ƙwala mini kira, "Amarya! Zo ki ara mini kunne." Haka yake kirana, irin wasan kaka da jika. Sai in ɗora yatsuna a wuyan matar tana waƙa, shi kuma ya buɗe mini tafin hannunsa in zana masa abin da nake ji da yatsan ɗaya hannun: nan ta hau, nan ta yi kauri, nan ta lanƙwasa. In na buɗe baki zan yi bayani sai ya ce, "Rufe. Bakinki kunya yake ji, yana yi wa mutane kara. Yatsa ba ya kara."

Shi da Kawu kuwa ba su taɓa jituwa a kan sana'ar nan ba. Kawu tayil na daɓen ɗaki yake sayarwa, mutum ne mai son komai a miƙe. Umma ta ce tun suna makaranta yara suke tsokanarsa da ɗan mai kiran mutane gidan rawa, abin bai taɓa barin zuciyarsa ba. Wata shekara, da niyyar alheri, ya je wurin masu kwamfuta aka bugo wa Kaka allon shago a kan leda mai sheƙi, haruffa duk tsayi ɗaya, har da hoton Kaka a gefe. Kaka ya karɓa, ya yi godiya, ya sa albarka. Washegari Kawu ya zo ya tarar an rufe akurkin kajin Iya da ita.

Ya ce, "Baba, wannan fa?"

Kaka ya ce, "Leda ce mai kyau, ko ɗigon ruwa ba ta bari. Amma haruffan nan babu wanda ya taɓa numfashi a cikinsu. Kaji ba ruwansu."

Damina guda Kawu bai zauna cin tuwo da shi ba. Gaisuwa kawai, ya wuce.

Amma akwai bango ɗaya a zauren gidanmu da ko Kawu ba ya wuce shi bai ɗaga ido ba. Duk jaririn da aka haifa a gidan, ranar suna Kaka yakan karɓe shi ya jira ya yi kuka, sannan ya rubuta sunansa a bangon da surar kukan. Na Umma a kwance yake, lallausa. Nawa ya fara da ƙaramin harafi ya ƙare da ƙato, wai na yi shiru har aka tsorata sannan na tada unguwa. Na Kawu shi ne na farko, can sama, manyan haruffa duk sun karkata gaba kamar masu shirin faɗa.

Aikinsa na ƙarshe na Uwar Ƙwarya ne. Haka kowa ke kiranta, kuma haka ake rubuta ta. Tsohuwar mawaƙiya ce mai kiɗan ƙwarya, wadda iyayenmu mata suka yi rawar bikinsu da waƙarta. Ciwo ya kwantar da ita shekaru, har wasu sun ɗauka ta rasu. Da ta miƙe ta ce tana son ta yi wasa ɗaya na bankwana a Sabon Wuse, kuma ba takarda take so ba, babban farin yadi take so a rataya a mahaɗar Diko, inda kowace mota za ta gani.

Ta zo shagon tana dogara sanda. Suka yi ta tsokanar juna, ta ce masa kurma, ya ce mata ai gara shi, bai ji abin da ta ce ba. Sannan ya kira ni. Na ɗora yatsuna a wuyanta, ta fara waƙa. Abin da na ji ya ba ni tausayi. Muryar tana rawa, tana yankewa, tana kama kanta da ƙyar ta ci gaba. Na so in yi mata kara, amma yatsa ya riga ya saba. Na zana masa yadda abin yake. Kaka ya dunƙule hannunsa a kan yatsana.

Da ta tafi ya kafe yadin a bango ya rubuta UWAR da shuɗi, haruffa masu kauri, zagaye, cike kamar ƙwaryar da aka kife a kan ruwa. Na ce, "Kaka, ai ba haka na zana maka ba."

Ya ce, "Na sani, Amarya. Wannan rabin na waɗanda suka san ta da ne. Ɗaya rabin bari in kwana a kansa."

Washegari da hantsi ina durƙushe ina dama fenti, bayana yana gare shi. Sai na ji buroshi ya faɗi ƙasa. Na juya na gan shi a kan kujerarsa, ya jingina da bango, idonsa a rufe, kansa ya ɗan karkata, sak yadda yake yi in yana sauraron mawaƙi. Na ce, "Kaka." Na sake cewa, "Kaka, wasan ya isa." Sai na yi abin da hannuna ya iya. Na ɗora yatsuna a wuyansa.

Wuyan mutane nawa na taɓa a shagon nan? Kowanne akwai abin da ke motsi a ciki. Wannan babu. Ban san lokacin da na fita titi ba, an ce ihuna ne ya tara mutane. Tun daga ranar yatsun nan suke rawa. Ko warin kananzir na ji, wanda yake wanke buroshi da shi, sai in bar wurin. In an aike ni sai in zaga ta bayan layi don kada in bi ta ƙofar shagon.

Bayan sadakar uku Kawu ya tara mu a tsakar gida. Ya ce zai naɗe yadin, ya sa a yi wa shagon farin fenti. Ya ce, "Ba na so abin da za a riƙa tunawa da Baba shi ne ya cika yana rubuta kiran wasa. Mu bar shi ya huta." Muryarsa ma rawa take yi. Ba ƙiyayya ba ce, na sani.

Iya tana takaba, tun ranar ba ta yi doguwar magana ba. Daga bakin ƙofarta ta ce, "To. In za ka shafe, ka fara da zaure. Naka ne a sama, da shi za ka fara."

Kawu ya ce, "Iya, ko na bari, wa zai ƙarasa? Wannan da ko ƙofar shagon ba ta iya bi?" Ya nuna ni. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Ya ce yadin zai zauna har sadakar bakwai, in an watse zai sauke shi.

Na kwana na tashi da abin a raina. In aka naɗe yadin nan, aikin Kaka na ƙarshe zai zama rabin suna a ƙasan akwati, tsohuwar nan kuma za ta yi bankwananta babu wanda ya sani. Amma duk lokacin da na yi niyya sai ƙafata ta ƙi.

Ana gobe sadakar bakwai da safe Uwar Ƙwarya ta zo gidan. Ta gaida Iya, sannan ta ce, "Ina kunnen kurma?" Aka nuna ni. Ta ce, "Tashi ki kama ni, ƙafata ba ta da kyau." Ban gane dabara ba ce sai da na ga mun tsaya a ƙofar shagon, Umma tana bayanmu da makulli. Da na yi baya sai tsohuwar ta sakar mini nauyinta duka. In na gudu za ta faɗi. Haka na shiga.

Komai yana nan yadda na bar shi. Buroshin yana ƙasa, fentin ya bushe a kansa. Ta zauna a kujerar mawaƙa, ta kamo hannuna za ta kai wuyanta. Na fizge, na ce, "Don Allah, kada ki sa ni. Ba zan iya ba."

Ta sake kamowa. Tsohuwa ce, amma hannun da ya shekara yana dukan ƙwarya ba ya saki. Ta ce, "Wannan wuyan mai rai ne, 'yar nan. Tsoho ne, ya lalace, amma mai rai ne. Ji."

Ta danna yatsuna, ta fara waƙa. Da ɗumi. Yana motsi. Muryar tana rawa, yatsuna suna rawa, har na rasa wanne ne nata wanne ne nawa. Ina kuka tana waƙa, ba ta tsaya rarrashina ba.

Umma ta dama mini shuɗin. Na ɗauki wani buroshi, ba wanda ya faɗi ba, na hau benci na fara ƘWARYA. Na yi iya ƙoƙarina in yi shi da kauri irin na Kaka, hannun ya ƙi. Layin yana kaɗawa, wani wuri ya sirance kamar zai tsinke sannan ya sake kamawa, wani wuri fentin ya zubo ya yi hawaye. Da na gama na sauko na ja baya, sai na ga abin da na yi kusa da nasa. Na ce, "Umma, na ɓata masa aiki."

Uwar Ƙwarya ba ta iya karatu ba. Ta tashi ta matsa kusa, ta daɗe tana kallo. Ta nuna rabin Kaka da sandarta ta ce, "Wannan ni ce ranar bikin uwarki." Ta nuna nawa ta ce, "Wannan ni ce yau. Ga shi nan ina faɗuwa ina tashi. Wa ya ce ki gyara? Wallahi kika taɓa shi sai na ɓata miki."

Ba mu san Kawu yana bakin ƙofa ba. Ya shigo ya tsaya gaban yadin, hannunsa a baya. Na jira faɗa. Ya juya ya fita, na ce shi ke nan. Sai ga shi ya dawo da tsanin Kaka a kafaɗa. Ya ce, "In ya bushe ku naɗe shi a hankali. Motata tana waje."

Washegari, bayan an shafa fatihar bakwai, Kawu da kansa ya hau tsani a mahaɗar Diko, da babbar rigarsa, direbobi suna riƙe masa ƙafar tsanin suna ba shi umarni iri-iri. Da yadin ya buɗe iska ta shiga cikinsa, rabin farko ya tsaya daram, na biyu ya riƙa kaɗawa. Wata mai sayar da doya ta ajiye tirenta ta ce, "La ilaha! Tana da rai?" Wani kwandasta ya ce, "Tana nan, amma ta sha jiki. Ba ki ga ƙarshen ba?" Ko ɗayansu bai karanta ba. Gani suka yi. Wani fasinja ya leƙo ta taga ya tambayi Kawu wa ya yi wannan aiki. Daga saman tsani Kawu ya ce, da ƙarfi har na ji daga cikin mota, "Babana ne. Shi da 'yar ƙanwata."

Ranar wasan, da la'asar, filin bai ɗauki mutane ba. Tsohon Garam yana gaba-gaba. Mama ta zo da matanta. Uwar Ƙwarya ta yi waƙa da muryar da ta rage mata, duk inda ta yanke sai mata su ɗauka su miƙa mata, ta kama ta ci gaba. Kawu bai je ba, kuma ban yi tsammanin zai je ba. Amma shagon ba a shafe shi ba, makullin ma yana hannuna.

Ba zan ce tsoron ya tafi ba. Har yanzu ba na juya wa kujerar Kaka baya in ina dama fenti. Sai dai makon jiya matar Kawu ta haihu, namiji, aka mayar masa da sunan Kaka. Da safen suna, kafin mutane su taru, Kawu ya aiko a kira ni zaure. Na tarar da shi a tsaye gaban bangon, jaririn a hannunsa, gwangwanin fenti da buroshi a ƙasa. Bai dube ni ba ya ce, "Ga shi. Tun asuba yake tsala ihu, yanzu da ake nemansa ya yi shiru."

Muka tsaya muna jira, ni da Kawu, kamar masu jiran mota. Can yaron ya yamutsa fuska ya saki kuka. Na ɗora yatsuna a ɗan ƙirjinsa.

Allah ka jiƙan Kaka, ka yafe masa, ka haskaka kabarinsa, ka sa muryar da zai fara ji a can ta zama ta maraba. Sunan yaron da na rubuta yana nan a bangon zaure, can ƙasa, fentin bai gama bushewa ba. Haruffan duk sun karkata gaba, irin na ubansa.